Yadda Turanci Ya Shiga Bakin Mutanen Arewa

Jama'a, kowa ya ji ɗan makaranta yana zuba Turanci yau, sai ya yi tsammani abin gado ne. Ba haka ba ne, da wahala aka same shi.

Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Da Hausa aka fara karatu a can, cikin rubutun boko. Turanci bai kafu sosai ba sai da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922. Daga nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito.

Abu uku suka fi ba almajiran farko wuya. Na fari shi ne lokacin aiki. Mu Hausawa mukan ce na tafi, ina tafiya, zan tafi, watau ƙananan kalmomin da ke gaban aikin su ke nuna lokaci. Bature kuwa kalmar aikin kanta yake juyawa, go ta koma went, ba ko kama. Wannan fa ba wasa ba ne, gama a zamanin nan Razdan da Di'o da yawa ta bakin tafinta suke jin talakawa. Kadan tafinta ya mai da "zan biya haraji" ya zama "na biya", ya sa mai gaskiya ya zama maƙaryaci.

Na biyu, karin magana. In aka yi ruwa mai yawa, Bature yakan ce kyanwoyi da karnuka ke zubowa. Yaro ya bi kalma kalma ya rasa kanta, alhali nufinsa ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na uku, aya da waƙafi da alamar tambaya. Mai karanta ajami ya saba gane wurin tsayawa daga ma'ana, boko kuwa ya sa wa kowace tsayawa alamarta.

Ƙamus na Bargery da ya fito cikin 1934 ya rage wahalar kalmomi. Amma karin magana da lokacin aiki, ƙamus ba ya isar wa mutum, sai da yawan ji da yawan karatu.

Saboda haka, ɗan'uwa mai koyo, kada kunyar kuskure ta rufe maka baki. Waɗanda suka riga ka da tuntuɓe suka fara. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.