Baƙuwar Manhaja a Gidan da Ba Nata Ba

Kwamfutar da na yi karatun digiri da ita ta gwanjo ce, kuma gadonta na yi daga hannun yayana. Ranar da zan tafi Wudil ya miƙo mini ita a tashar mota, cikin wata jaka da zif ɗinta ya mutu, ya ce, "Ƙanena, ka riƙe ta da kyau. Windows ya yi mata nauyi, shi ya sa na sauke shi na ɗora mata Ubuntu. Ba za ta tambaye ka kuɗin lasisi ba." Na ce, "Na gode, Yaya, Allah Ya ƙara buɗi," ba tare da na fahimci rabin abin da ya faɗa ba.

Shekara biyu muka yi da ita lafiya lau a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda gwamnatin Jihar Kano ta kafa a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Da ita nake buga aikin gida, da ita nake karatu idan an ɗauke wuta. Sai da muka shiga aji uku, muka jingine allon zane da fensir da kamfas muka koma zane a kwamfuta, sannan ta nuna mini iyakarta. Wani abokina ya ba ni manhajar zanen da kowa ke aiki da ita a cikin filasha. Na danna, na sake dannawa, kwamfutar ta yi gum kamar an yi mata magana da Sinanci. Ni kaɗai ne a layinmu da allona ba komai.

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja da ke riƙe da ragamarta, wadda zan kira uwar manhaja. Ita ke raba wa sauran manhajoji wurin zama a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ke isar da saƙonsu ga allo da madannai da ma'ajiya. Windows uwar manhaja ce, haka macOS na kamfanin Apple, haka Linux wanda Ubuntu reshensa ne. Manhajar da aka rubuta domin ɗaya daga cikinsu tana neman buƙatunta ne da harshen wannan gida, don haka idan aka kai ta wani gidan sai ta yi ta roƙo babu mai amsawa. A daren nan na ɗauka haka Allah Ya halicci abin, wato injiniyanci da Windows Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Da na bi diddigi daga baya, sai na tarar wannan haɗi bai ma kai shekarun yayana ba, kuma lissafin kasuwa ne ya ƙulla shi.

Zane a kwamfuta ya girmi Windows da fiye da shekara ashirin. A 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a cibiyar MIT ta Amurka, inda yake jan layi a kan allo da alƙalami mai haske, a kan na'urar da ta cika ɗaki guda. Shekarun da suka biyo baya, zanen kwamfuta ya zama sana'ar masu ƙera jiragen sama da motoci, domin su kaɗai ke iya sayen irin waɗannan na'urori. A Faransa, alal misali, kamfanin jirage na Dassault ne ya haifi CATIA a ƙarshen shekarun 1970. Abin ya sauko ƙasa-ƙasa ne a Disambar 1982, lokacin da John Walker da abokansa na kamfanin Autodesk suka fito da AutoCAD, wadda ke aiki a kan ƙaramar kwamfutar tebur.

A farkon shekarun 1990 AutoCAD ba ta gida ɗaya ba ce. Ana samunta a kan DOS, ana samunta a kan Unix, wanda Linux ya kwaikwayi tsarinsa, ana kuma samunta a kan Macintosh. Sai kamfanin ya duba inda masu saye suka fi yawa, ya ga ɗawainiyar kula da gidaje uku ko huɗu ta fi ribarsu. Aka yar da Macintosh bayan fitowa ta 12, fitowa ta 13 ta 1994 ta zama ta ƙarshe a kan Unix, ta 14 kuwa da ta zo a 1997 ba ta san kowa ba sai Windows. A tsakanin nan SolidWorks ta bayyana a 1995, kuma tun daga tushe a kan Windows aka gina ta, da niyyar karya farashin manyan manhajojin Unix. Wanda ya kafa kamfanin, Jon Hirschtick, da kuɗin da ya ci a cacar karta ya ɗora harsashinsa, abin da ba na jin malamanmu za su so a maimaita a aji. A 1997 Dassault ya saye kamfanin. Ke nan shekara huɗu kafin a ɗauki ɗalibin farko a Wudil an riga an yanke hukuncin irin kwamfutar da ɗalibin injiniyanci zai saya, a wani taron da babu wanda ya san akwai garin da ake cin kasuwar shanu ranar Juma'a a bakin kogi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa zaɓi ne aka yi ita ce MATLAB, wadda mu ma muke lissafi da ita. Ba ta fi waɗancan sauƙi ba, amma har yau tana aiki a kan Windows da macOS da Linux. Ita kanta AutoCAD ta koma wa Apple a 2010, da kasuwar ta sake yin armashi. Linux dai har yanzu ba a waiwaye shi ba.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa ba su zauna ba, kuma na bi hanyoyinsu uku ɗaya bayan ɗaya, ba don ina son tarihi ba sai don ina son in ci jarrabawa.

Na fara da tafinta. A 1993, shekara biyu bayan Linus Torvalds ya saki Linux a Finlan, Bob Amstadt da wasu masu sa kai suka soma wani aiki mai suna Wine, wanda Alexandre Julliard ya karɓi jagorancinsa a 1994. Sunan yana nufin giya da Ingilishi, kuma na sha tsokana a ɗaki a kan haka. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin baƙuwar manhaja da mai masaukinta: idan ta ce da harshen Windows a buɗe mata taga ko a ajiye mata fayil, sai ya juya maganar zuwa harshen Linux nan take. Wahalar ita ce buƙatun da manhaja za ta iya nema dubbai ne, Microsoft bai bayyana yadda dukkansu ke aiki a ciki ba, kuma kowane sabon Windows da nasa ƙarin. Sai a Yunin 2008, bayan shekara 15, masu aikin suka yarda su kira abin da suka gina fitowa ta ɗaya. A hannuna tafintan ya yi abin kirki da ƙananan manhajoji. Da na kawo masa babbar manhajar zane, sai ta buɗe, ta nuna mini fuskarta, ta mutu da zarar na ja layi na uku. Ban ga laifinsa ba. Tafintan da ya iya cinikin kasuwa ba lallai ne ya iya shari'ar gado ba.

Hanya ta biyu ta fi ta farko tsufa, ko da yake ɗalibai na ɗaukarta sabuwa. Tun a shekarun 1960 injiniyoyin IBM suka gano yadda za a sa babbar na'ura guda ta yi kamar na'urori da yawa, kowace da uwar manhajarta, kuma a 1972 suka fitar da tsarin kasuwa da sunan VM/370. VMware ya kawo dabarar kan kwamfutar tebur a 1999, sannan VirtualBox ta zo kyauta a 2007. Ma'anarta ita ce ka gina kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaske, ka ɗora mata Windows sukutum, baƙuwa ta shiga ta zauna tana zaton gidansu ne. Wannan ya yi aiki, amma ciyar da gida biyu da tukunya ɗaya ne. Ƙwaƙwalwar kwamfutata gigabait 4 ce, na ba baƙo biyu na riƙe biyu, kowa ya kwana da yunwa. Idan na juya zanen ƙarfe mai fuska uku, sai in je in sha ruwa in dawo bai gama juyawa ba, fanka na kuka, batir na zuba kamar an huda tulu. A watan Afrilu na Wudil, da rufin kwano a kanka, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Ta uku ita ce raba ma'ajiya gida biyu, kowace uwar manhaja da ɓangarenta, idan ka kunna sai ka zaɓi ƙofar da za ka shiga. Masu kwamfutar Apple ma sun sami wannan dama a 2006, da kamfanin ya koma amfani da zuciyar Intel ya kuma fito da Boot Camp, sai dai ta kuɓuce wa masu sababbin na'urori tun daga Nuwambar 2020, da aka sauya zuwa M1. Ni a nan na tsaya. Na hau mota zuwa Kano, wani mai gyara a titin Beirut ya raba mini ita cikin awa ɗaya, yana yi yana girgiza kai yana cewa, "Malam, wa ya haɗa ka da wannan wahala?"

Tambayarsa tana da amsa, domin ƙasar nan ta taɓa tsayawa a wannan mararraba. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin Classmate guda 17,000 domin makarantun Nijeriya, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Kafin a gama rabo sai labari ya fito cewa za a goge shi a ɗora Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi a ƙarshen Oktoban shekarar, daga baya kuma hukumar da ta biya kuɗin mafi yawan na'urorin ta ce a bar su yadda suka zo. Abin da kamfanonin biyu suka gane, wanda mu ba mu cika lura da shi ba, shi ne yaro da abin da ya saba yake girma, kuma idan ya zama injiniya da shi zai buƙaci a yi masa aiki.

Ba na cikin masu zagin waɗannan manhajoji. Suna da inganci, kuma Autodesk na ba ɗalibai lasisin kyauta muddin suna karatu. Amma alheri ne mai wa'adi. Tun 2016 kamfanin ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma haya, kuma da dala ake biya. Matashin da ya gama hidimar ƙasa ya buɗe ɗan ofis a Wudil yana zana wa mutane shaguna da kwalbatoci, da naira ake biyansa. Kowa ya san inda da yawa ke komawa, wato kwafin da aka fasa wa makulli, wanda ba a san me aka cusa a cikinsa ba. Ga kuma Windows 11 da ya zo a 2021 da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba, alhali irin waɗannan na'urori ne ke cika kasuwar gwanjo da jakunkunan ɗalibai.

Damuwata mafi girma ba ta ɗalibi ba ce, ta zanen ce kansa. Kakana ya bar takardar gonarsa da ajami. Mu jikokinsa da muka tashi a layin makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da ƙyar muke haɗa baƙaƙenta. Duk da haka ranar da rigimar iyaka ta taso, limamin unguwa ya karanta ta tsaf, domin mabuɗin ajami ba mallakar kowa ba ne. Fayil ɗin zane ba haka yake ba. Tsarin DWG da ake ajiye yawancin zanen gine-gine a cikinsa na kamfani ne, shi ke sauya shi lokacin da ya ga dama, har sai da wasu kamfanoni suka haɗu a 1998 suka kafa ƙungiya domin su tono yadda ake karanta shi. Gada irin ta Wudil, wadda motocin Maiduguri da tifofin yashi ke bi dare da rana, ana gina ta ne ta yi shekaru hamsin ko fiye. Fitowar manhaja ba ta cika yin wannan tsawon rai ba. Injiniyan da zai zo gyaran abin da muke zanawa yau zai buƙaci ya buɗe zanenmu, kuma ban ga wanda ya ɗauki nauyin tabbatar masa da hakan ba. Akwai tsare-tsaren da ke buɗe ga kowa, kamar STEP da hukumar ma'aunai ta duniya ta fitar a 1994, akwai kuma manhajojin kyauta masu aiki a kowane gida, kamar KiCad ta masu zanen lantarki da FreeCAD wadda aka fara a 2002 ta kai fitowa ta ɗaya a Nuwambar 2024. Ba su kai na kuɗi santsi ba, wannan gaskiya ne, amma a ra'ayina ya kamata duk wanda ke karɓar zanen aikin jama'a ya nemi kwafi a tsarin da ba ya buƙatar izinin kowa.

Injin ɓarar gyaɗa na zana a aikina na kammala digiri. Saura mako uku in gabatar, ɓangaren Windows na kwamfutata ya ƙi tashi, watakila saboda yawan kashe ta da nake yi da ƙarfi idan batir ya ƙare. Ta ɗaya ƙofar na shiga na kwashe fayilolina, kuma kwafin STEP da na ajiye ba da wata niyya ba shi ne ya buɗe a FreeCAD, na ƙarasa awon ƙarafunan a can. Bana ƙanwata ta sami gurbi a sashen lantarki. Na gyara zif ɗin jakar, na kai ta tasha, na nuna mata maɓallin da za ta danna idan allon ya tambaye ta ƙofar da take so.