Daga Wuri zuwa Kwabo: Tsofaffin Kuɗi a Kudancin Kano

Nazarin tsofaffin kuɗi da tara su fanni ne mai zaman kansa a ilimin tarihi. Turawa suna kiransa numismatik, daga kalmar Girkanci nomisma, wato kuɗin da jama'a suka yarda da shi, Larabawa kuma suna cewa ilmul maskukat. Da fari sunan ya tsaya ne a kan kuɗin ƙarfe da aka buga, daga baya ya haɗa da takardun kuɗi da lambobin girma da duk wani abu da wata al'umma ta taɓa yin ciniki da shi. Ta wannan ƙofa ce ƙasar Hausa ta shiga fannin, domin sarakunan Kano, na Haɓe da na Fulani, ba su kafa gidan buga kuɗi ba. Duk abin da aka taɓa kashewa a Bebeji, Kiru, Yako, Tudun Wada da Doguwa daga nesa aka kawo shi, shi ya sa tarihin kuɗin yankin yake tafe da tarihin hanyoyin fatauci da na masu mulki.

Kuɗi na farko da ya game ƙasar shi ne wuri, ƙwanson wata ƙaramar halittar teku da ake kwasowa a tsibiran Maldibs cikin tekun Indiya. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kafin nan ana musayar kaya da kaya, ana kuma auna daraja da tufafi da gishiri da dabbobi, zinariya kuwa da miskali. Wuri ya karɓu saboda ba ya ruɓewa, ba a iya yin jabunsa, kuma da guda biyu ko uku ana iya sayen abin da bai kai a yi masa musaya ba, kamar ƙwayar goro ko ɗan barkono. Ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, a tara ɗari, a tara dubu, wadda ake kira zambar. Wuri dubu ashirin shi ne keso guda, kimanin kayan da mutum ɗaya zai ɗauka a ka.

Matafiya Turawa sun bar alƙaluman da ke nuna girman harkar. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, kuma adadin da magidanci ke biya na kuɗin ƙasa ke nan. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Bebeji tana kan hanyar ayari tsakanin Kano da Zariya, gari ne na fatake, cikinsu har da Agalawa masu zuwa Gwanja sayen goro, saboda haka kesunan wuri sun sha kwana a zangonta. Can kudu kuma, a Riruwai ta ƙasar Doguwa, ana narka kuza a fitar da ita sirara-sirara, fatake su saya su kai Kano da wasu kasuwanni.

Aibin wuri nauyinsa ne. Wanda zai yi doguwar tafiya da kuɗi mai yawa sai ya ɗauki 'yan alaro ko jakuna, kuma ladan ɗauka da ciyarwa yana cin wani kaso na kayan tun kafin a isa. Abin ya ƙara taɓarɓarewa daga tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa Ikko da maƙwabtanta. Ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa. Manyan cinikai sai suka koma kan riguna da dawakai, da kuma bayi, waɗanda aka mayar da su ma'ajiyar dukiya mai tafiya da ƙafarta.

Tare da wuri akwai dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, wadda Hausawa ke kira liyari. Ta biyo hanyar Sahara daga Tarabulus, ta kuma biyo mahajjata da fataken gabas. Nauyinta kusan giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Ba ta cika yawo a kasuwa ba. Ajiye ta ake yi, ko mata su rataya ta a wuya, ko maƙeran fari su narka ta su yi zobba da mundaye da kayan adon doki. Wannan dala tana ruɗin sabon mai tara kuɗi, domin kowace za a ga an rubuta mata 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. An ci gaba da buga ta da wannan shekarar a Biyana, daga baya har a Landan da Paris da Rum da Bombai, don haka rubutun ba ya nuna shekarun wadda ke hannu.

Sai Turawan mulkin mallaka suka zo: rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji a kan hanyarta, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri, sannan aka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗin Turawa, kuma wannan tilas ɗin ne, fiye da sha'awar jama'a, ya shigar da sabon kuɗin ƙauyuka. A 1907 aka fara buga kwabo da anini musamman don Nijeriya. Anini kashi ɗaya cikin goma ne na kwabo, an yi shi ne don ya maye gurbin wuri a ƙananan cinikai. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, bai yi ƙarko ba, aka koma gaurayen tagulla da nikel. Kwabon da aninin duka suna da huji a tsaka, da tauraro mai tsini shida, da ƙimarsu a rubuce da haruffan Larabci. Rabin kwabo ya biyo baya a 1911, aka sa masa suna ɗari saboda wuri ɗari da ake canza shi a kai.

Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa a 1913, takardun kuɗi kuma a 1916. Wannan ya zo daidai da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da buɗewar cinikin gyaɗa. Manomi ya fi yarda da azurfar da zai ji nauyinta, ya binne ta a tukunya, a kan takardar da gara za ta iya cinyewa. Da farashin azurfa ya tashi a duniya, a 1920 aka koma buga sule da dala da gaurayen jan ƙarfe, sai masu hali suka ƙara ƙanƙame tsofaffin. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, shi ne babban misalin wannan zamani: labari ya shahara cewa a 1929 ya kai lodin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa ajiya a bankin Turawa da ke Kano.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959 da kuɗin ƙasa na kansa. Taro yana ɗauke da auduga, sisi da koko, sule da kwakwar manja, dala kuma da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, a kan naira biyu fam guda. Tsofaffin sunayen ba su tafi ba: sule ya zama kwabo goma, sisi kwabo biyar, fam naira biyu, jaka kuma, wadda a da fam ɗari ce, ta zama naira ɗari biyu. A Maraɗi da Damagaram har yau dala na nufin sefa biyar. A 1991 aka mayar da kwabo hamsin da naira ɗaya na ƙarfe, a 2007 aka ƙara da naira biyu, amma hauhawar farashi ta kore su daga kasuwa. Dinari da dirhami kuwa suna nan a lissafin malamai, inda nisabin zakka yake dinari ashirin ko dirhami ɗari biyu, mafi ƙarancin sadaki kuma rubu'in dinari.

Mai nazari yana duba abubuwa kaɗan a jikin kuɗi: shekara, sunan mai mulki, irin ƙarfe, nauyi, da alamar gidan da ya buga. A kuɗin zamanin Turawa ƙaramin harafin H na nufin gidan Heaton, KN kuma Kings Norton, dukansu a Birmingham. Kwabo da ɗari da aninin 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas suna jan hankalin masu tarawa, domin ya yi murabus a cikin shekarar kafin a fitar da kuɗi da sunansa a Ingila kanta. Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa tsada. An buga kwabo mai huji da miliyoyi, kuma mafi yawan waɗanda ake gani wurin 'yan koli a Kasuwar Kurmi ta Kano darajarsu ta tarihi ce, ba ta kuɗi ba. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin wanda aka buga a shekarar da kuma lafiyar jikinsa, shi ya sa goge shi da toka ko lemon tsami ɓarna ce. Tukunyar kuɗin da aka tono a kango ko gona ta fi amfani idan ba a rarraba ta ba, saboda kuɗin da ya fi sabunta a ciki shi ke nuna cewa ba a binne ta kafin shekararsa ba, yawan kowane iri kuma yana nuna abin da ke yawo a hannun mutanen wurin a lokacin. Babban Bankin Nijeriya yana da gidan adana tsofaffin kuɗi a hedikwatarsa da ke Abuja, inda aka jera su tun daga wuri har zuwa naira.