Bashi da Sayen Fili don Jiran Tsada a Yammacin Amurka, 1800–1862

A ƙarni na 19 gwamnatin tarayyar Amurka ita ce babbar mai sayar da fili a ƙasar. Filayen da take sayarwa na yammacin duwatsun Appalachia ne, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan asalin ƙasar ta hanyar yaƙi ko yarjejeniyar dole, kamar wadda aka ƙulla a Fort Jackson a 1814, inda ƙabilar Creek ta rasa eka fiye da miliyan 20. Dokar 1785 ta tsara awon: safiyo ya yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace gunduma yanki 36, kowane yanki eka 640, sannan a yi gwanjo. Da yawa daga masu halartar gwanjon ba noma ya kawo su ba. Saye suke yi su ajiye, har jama'a su ƙaru, farashi ya tashi. Kaɗan ne cikinsu ke da kuɗin kansu, saboda haka tarihin wannan sana'a tarihin neman rance ne, kuma duk lokacin da aka toshe wata ƙofar rancen sai wata ta buɗe da sharuɗɗa mafi tsauri.

Gwamnati a matsayin mai bin bashi

Dokar filaye ta 1800, wadda William Henry Harrison ya tsaya mata a majalisa, ta bar farashi a dala 2 kan kowace eka, ta rage mafi ƙarancin abin saye zuwa eka 320, ta kuma yarda a biya kashi-kashi. Mai saye zai cika kashi ɗaya bisa huɗu cikin kwana 40, sauran ya biya cikin shekara huɗu. Ke nan da dala 160 mutum na iya riƙe filin dala 640. An yi wannan ne don manomi, amma ɗan kasuwa ya fi cin moriyarsa: kuɗin da zai saya masa fili ɗaya kuɗi hannu sai ya raba shi huɗu ya zama kafin alƙalami na filaye huɗu, yana fatan sayar da wasu kafin lokacin biya na biyu ya zo.

Bayan yaƙin 1812 auduga ta yi tsada a kasuwar Ingila, mutane suka kwarara Alabama. A gwanjon Huntsville na 1818 an yi ta taya fili a kan ninkin ba ninkin farashin gwamnati, da takardun kuɗin bankunan jihohi waɗanda su ma rance ne. Da Bankin Amurka na Biyu ya fara matsa wa ƙananan bankuna su biya da azurfa da zinariya, farashin auduga kuma ya faɗi da fiye da rabi a 1819, sai tsarin ya rushe. Zuwa 1820 gwamnati na bin masu sayen fili bashin fiye da dala miliyan 20, kusan rabinsa a Alabama kaɗai. Majalisa ta soke sayarwa bashi a wannan shekara, ta mayar da farashi dala 1.25, mafi ƙarancin saye eka 80, kuɗi hannu. A 1821 ta yarda wanda bashi ya kama ya mayar da wani ɓangare na filinsa, a lissafa abin da ya riga ya biya a kan ragowar.

Bankuna da zazzaɓin 1836

Soke bashin gwamnati bai rage buƙatar rance ba, sai dai ya tura masu nema zuwa banki. Shugaba Andrew Jackson ya ƙi sabunta lasisin Bankin Amurka na Biyu a 1832, a shekara mai bi kuma aka fara zuba kuɗin gwamnati a zaɓaɓɓun bankunan jihohi. Daga nan wani zagaye ya samu wanda ya cancanci a dube shi da kyau. Ɗan kasuwa zai karɓi rancen takardun kuɗi daga banki, ya kai su ofishin filaye ya biya. Ofishin zai mayar da takardun ajiya a bankin nan ko makamancinsa. Bankin, ganin ajiyarsa ta ƙaru, sai ya sake ba da rance, sau da yawa da jinginar filin da aka saya jiya. Darajar jinginar kuwa ta dogara ne kan ci gaba da ba da rancen.

Kuɗin da gwamnati ta samu daga sayar da fili ya tashi daga kusan dala miliyan 5 a 1834 zuwa kusan miliyan 15 a 1835, ya kai kusan miliyan 25 a 1836, shekarar da aka sayar da eka wajen miliyan 20. Manyan 'yan siyasa ba a bar su a baya ba. Sanata Daniel Webster ya ci bashi mai yawa ya sayi filaye a Illinois da maƙwabtanta, bashin ya bi shi shekaru.

A watan Yuli na 1836 Jackson ya sa aka ba da umarnin cewa ofisoshin filaye su daina karɓar takarda, sai azurfa ko zinariya. Masana na saɓani kan ko wannan umarni ne ya jawo rikicin kuɗin da ya biyo baya, ko kuwa matsin da Bankin Ingila ya yi wa rance da faɗuwar auduga sun fi tasiri. Ko ma dai mene ne, ranar 10 ga Mayu 1837 bankunan New York suka dakatar da biyan tsabar ƙarfe, cinikin fili ya tsaya cak, masu riƙe da dubban eka suka rasa ko kuɗin harajin da za su biya a kansu.

Rance a ƙofar ofishin filaye

Bayan 1837 rancen ya sauko hannun ɗaiɗaikun masu kuɗi, kuma a nan ne ake ganin sharuɗɗansa ƙuru-ƙuru. Dokar 1841 ta ba ɗan kama-wuri-zauna, wato wanda ya shiga filin gwamnati ya gina bukka ya fara noma, damar sayen eka 160 a kan dala 1.25 ba tare da takara ba, amma sai ya biya kafin ranar gwanjo. Dala 200 tsaba abu ne da manomin da bai yi girbin kirki ba ba ya da shi. Don haka duk garin da za a yi gwanjo, a Iowa ko Wisconsin ko Illinois, sai wakilan masu kuɗin gabas su sauka.

Wakilin ba ya miƙa wa manomi kuɗi. Shi zai shiga ofis ya biya, a rubuta filin da sunansa, sannan ya ba manomin takardar alkawari cewa in ya kawo, a misali, dala 280 bayan shekara, za a mayar masa da mallaka. Kuɗin ruwa kashi 40 cikin ɗari ke nan, amma a takarda ciniki ne ba rance ba, don haka dokokin jihohi masu iyakance kuɗin ruwa ba sa kama shi. Idan manomi ya kasa biya, ba a buƙatar zuwa kotu don ƙwace jingina, tunda fili da ma na mai kuɗin ne, har da shinge da rijiya da gonar da aka share.

Daga 1847 zuwa 1855 majalisa ta raba wa tsofaffin sojoji takardun kyautar fili na eka kusan miliyan 60, a 1852 kuma ta halatta sayar da su. Yawancin sojojin ba su da niyyar ƙaura yamma, sai suka sayar wa dillalai ƙasa da dala 1.25 kan eka. Mai ba da rance zai biya gwamnati da takardar da ya saya da rangwame, ya lissafa wa manomi cikakken farashi, ribarsa ta zarce abin da aka rubuta.

Masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan wannan rukuni na masu ba da rance da sayen fili. Paul Wallace Gates ya ɗauke su a matsayin waɗanda suka jinkirta cikar yankunan da mutane, suka mayar da manoma 'yan haya. Allan da Margaret Bogue sun bi littattafan lissafin wasu daga cikinsu, suka nuna ribar ta bambanta ƙwarai, wani lokaci ba ta wuce ta sauran jari ba. Robert Swierenga, a nazarinsa kan Iowa na 1968, ya samu riba mai kauri, amma ya ce sun kai jari inda babu banki. Hujjar Swierenga na da ƙarfi, domin kundin mulkin Iowa na 1846 ya haramta bankuna masu buga takardun kuɗi. Sai dai rashin wani zaɓi shi ne ainihin abin da ya sa manomi ya yarda da kashi 40.

Durƙushewar kamfanin Ohio Life Insurance and Trust a watan Agusta na 1857 ta sake karya farashin filaye, manoma da yawa suka kasa cika alkawarinsu. Dokar 1862 ta ba da eka 160 kyauta ga wanda ya zauna ya noma shekara biyar, ta rage buƙatar rancen sayen fili daga gwamnati. Bayanta rancen da manomin yamma ke nema ya koma na dawaki da garma da iri, da jinginar gona ga kamfanonin lamuni na gabas.