Daga Fito Zuwa Gada: Yadda Muka Yi Watsi da Jirgin Ruwa

Kafin Bahaushe ya san jirgin ƙasa ko na sama, idan ya ce "jirgi" abu ɗaya yake nufi: kututturen icen da aka fafe ana tuƙa shi a kan ruwa. Da Turawa suka kawo abin hawa mai bin dogo, sai aka ara masa sunan. Da wani ya bayyana a sararin samaniya, shi ma aka ara masa. Yau mai sunan na asali sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi. Haka kalmar "fito" take. Harajin da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su, wanda ake kira kuɗin fito, asalinsa ladan da matafiyi ke biyan mai jirgi ne don ya ƙetarar da shi kogi. Ke nan fito tsohuwar sana'a ce mai tsari, har gwamnati ta ari sunanta. Abin tambaya shi ne yadda aka yi ta koma abin da ba ma jin labarinsa sai jirgi ya kife.

Fataken da ke zuwa Gwanja neman goro daga Kano da Katsina da Sakkwato ba su da hanyar kauce wa Kogin Kwara. A yankunan Yawuri da Busa da Ilo, ayari kan yada zango a bakin ruwa, madugu ya daidaita da masu jirage, sannan a soma kwasar mutane da kaya da jakuna. Masu fiton suna da shugabanni, su Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi, kuma sana'ar gado ce. A ƙasar Nufe abin ya fi haka girma. Mutanen Kede sun riƙe zirga-zirgar jirage a wani dogon yanki na Kwara a ƙarƙashin sarkinsu Kuta, wanda ke zaune a Muregi, daidai inda Kogin Kaduna ke zuba cikin Kwara. Yana da wakilai a garuruwan bakin ruwa masu karɓar haraji da tsare hanya. Masanin nan S. F. Nadel ya wallafa nazari a kansu a 1940, ya bayyana su a matsayin daular da aka kafa a kan kogi.

Su ma Turawa ta ruwa suka shigo Arewa. A Lokoja Lugga ya kafa tuta ranar 1 ga Janairu, 1900. Ya zauna a Jebba, sannan ya koma Zungeru a 1902. Ɗaya daga cikin dalilan zaɓen wurin shi ne ƙananan jirage masu tururi na iya hawowa Kogin Kaduna idan ruwa ya cika. Layin dogo na farko a Arewa ma gajere ne, an shimfiɗa shi don ya haɗa Zungeru da inda jiragen ke tsayawa a wajen Wushishi da Barijuko. Da Gwamna Girouard ya soma layin Baro zuwa Kano a 1907, ƙarafan dogo da kawunan jirage ta kogi aka kawo su Baro. Layin ya isa Kano a 1911. A hanya ya ƙetare Kogin Kaduna, kuma a wannan mahaɗar garin Kaduna ya tsiro, har ya gaji Zungeru a matsayin hedikwata a 1917.

Daga nan al'amari ya soma juyawa. Layin da ya taso daga Legas ya iso Jebba a 1909 ya tarar da Kwara a gabansa. Sai aka kawo babban jirgin fito wanda ake tura taragai cikinsa ya ƙetarar da su. Haka aka yi ta yi har aka gama gadar Jebba a 1916. A layin gabas, mai tasowa daga Fatakwal ya bi ta Kafanchan zuwa Kaduna, irin wannan jirgi ne ke ƙetare Binuwai a Makurdi har aka buɗe gada a 1932. Tsakanin Asaba da Onica motoci da fasinjoji sun yi ta bin layin fito har zuwa ƙarshen 1965, lokacin da aka kammala gadar Neja. A duk wuraren nan, gwamnati ta ɗauki jirgin fito a matsayin maneji kafin gada ta iso. Ranar da aka yanke ƙyallen buɗe gada, ranar ce aka sallami jirgi. A kan hanyar jirgin ƙasa wannan daidai ne. Ɓarnar ita ce tunanin ya bi mu har cikin birane da ƙauyukan da gada ba za ta iya maye gurbin ruwa ba.

Babu inda hakan ya fito fili kamar Legas, birnin da ke zaune a kan tsibirai da tafki. Bahaushen da ya sauka jirgin ƙasa a Iddo da shanu ko neman goro, ta gadar Carter, wadda aka buɗe a 1901, yake shiga tsibirin. Amma ma'aikatan tashar Apapa, inda gyaɗar Kano da audugar Zariya ke shiga manyan jirage, jirgin fito na gwamnati ne ke kai su daga Marina safe da yamma tun zamanin mulkin mallaka. Sai kuɗin mai ya zo. Aka gina gadar Eko, aka kammala Gada ta Uku mai tsawon kusan kilomita 12 a 1990, motoci suka yi yawa, hankalin hukuma ya bar kan ruwa.

Gwamna Lateef Jakande, wanda ya mulki jihar daga 1979 zuwa 1983, ya yi ƙoƙarin juya akalar. Ya kafa kamfanin jiragen fito na jiha, ya sayo jirage irin su Baba Kekere da Ita Faji, suna jigila tsakanin Mile 2 da Marina. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya kawar da gwamnatinsa, a 1985 aka soke shirinsa na jirgin ƙasan cikin birni, su kuma jiragen suka yi ta lalacewa saboda rashin gyara. Fasinjojin ruwa suka koma hannun masu ƙananan jirage masu inji. Sai a 2008 jihar ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta LASWA, a farkon 2020 kuma ta farfaɗo da LAGFERRY. Yanzu katin Cowry ɗaya na biya wa mutum bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Layin dogon da aka buɗe a 2023 daga Marina zuwa Mile 2 yake tafiya, wato wuraren da jiragen Jakande suka haɗa shekara 40 kafin nan.

Wasu biranen sun fuskanci irin wannan jarrabawa, suka ba da amsa dabam. A 1932, shekarar da aka buɗe gadar Makurdi, aka buɗe babbar gadar Sidni a Ostareliya. Fasinjojin babban kamfanin fito na birnin suka ragu da fiye da rabi. Da kamfanin ya kasa, gwamnatin jihar ta karɓe shi a 1951 maimakon ta bar shi ya mutu, kuma har gobe jiragen na cikin tsarin sufurin birnin. A Istanbul an kafa kamfanin jiragen fito na mashigin Bosforus tun 1851. An gina gada a 1973, an buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku a 2013, duk da haka ma'aikata da ɗalibai na ƙetarewa tsakanin Asiya da Turai a jirgin ruwa, da katin da suke hawa bas da shi. A Hong Kong, ƙarin kuɗin jirgin Star Ferry ya jawo tarzoma a 1966, kuma ramin motoci da aka buɗe a 1972 bai kashe jirgin ba. A New York, jirgin tsibirin Staten yana hannun hukumar birni tun 1905, yana aiki dare da rana, kuma tun 1997 kyauta ake shiga.

Abin da biranen nan suka riƙe ba wani sirri ba ne. Jirgi yana da jadawali, yana tashi a kan lokaci ko ya cika ko bai cika ba. An san adadin mutanen da zai ɗauka, ana kuma ƙirga su a ƙofa. Tasharsa na haɗe da ta bas ko ta jirgin ƙasa. Akwai ma'aikatar gyara da kasafin kuɗinta, akwai kuma hukuma ɗaya da za a kama idan an yi sakaci. A wurinmu, hukumar tarayya ta NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta shafe shekaru tana shari'a da Jihar Legas a kan wane ne mai iko da ruwa, har Kotun Ƙoli ta ba tarayya gaskiya a Janairun 2024.

A sana'armu ta rubuta manhaja, darasin farko a tsara kowace hanyar sadarwa shi ne kada a rataya komai a kan igiya ɗaya. Ana ajiye hanya ta biyu tana aiki, ana biyan kuɗin kula da ita ko da ta farko lafiya lau take, don ranar da ta farko za ta tsinke ba ranar gina sabuwa ba ce. Mutanen Legas sun ga haka da aka rufe ɓangaren Gada ta Uku don gyara a 2020. Mu ma a Kaduna mun san abin. Mutumin Kawo ko Malali da ke da aiki a Kakuri ko Barnawa ya san cewa tirela ɗaya ta lalace a kan gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello ta isa ta cinye masa safiya. Koginmu a cikin gari bai dace da manyan jirage ba, da rani duwatsu ne a fili, da damina kuma ambaliya, shi ya sa ƙarin gadoji ne maganinmu. Amma a unguwannin bakin kogi da ke nesa da gada, har yanzu kwale-kwale ne ke ƙetarar da mutane, kuma ba ya cikin lissafin masu tsara sufuri.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan tarihi su ne mutanen da gada ba ta taɓa isowa gare su ba. A watan Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. Ranar 30 ga Nuwamban shekarar, aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, suka rasu a ruwan Bagwai a Jihar Kano. A Yunin 2023, 'yan biki fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi, ba nisa da Muregi, tsohuwar fadar Kuta. Allah ya jiƙansu. Dalilan da ake ambata kusan iri ɗaya ne kullum: lodi ya wuce ƙima, jirgin katako ya tsufa, tafiyar dare, babu rigar kariya.

Bayan kowane haɗari, alƙawarin da aka fi yi shi ne gada ko sababbin jirage. Gada a kan tafkin Kainji ko faɗin Kwara aikin shekaru ne da biliyoyin naira, garuruwan bakin ruwa kuma sun fi ƙarfin a ƙirga. Sabon jirgin da ba shi da makaniki da kasafin gyara kuwa, makomar Baba Kekere ke jiransa. Abin da za a iya somawa da shi a kasuwar Wara ta mako mai zuwa ƙarami ne: rajistar kowane jirgi, adadin fasinja a rubuce a jikinsa, mai ƙirga a bakin ruwa wanda ke da albashi da ikon cewa ya isa haka, da jirgi na biyu a kusa domin waɗanda aka hana shiga na farko su san ba za su kwana a gaɓa ba.