Wa ya ƙirga shahon Babban Duhu?

Tarihinmu na yau a sama yake, sai ku ɗan ɗaga kai.

Ina yaro, idan aka yi hutun makaranta a ƙarshen hunturu, Babban Duhu ake tura ni wajen kakana, can ƙasar Safana, kusa da Dajin Rugu. Lokacin sharar gona ne. Da an cinna wa ciyawa wuta sai ka ga shirwa ta cika sama, tana wawurar farar da hayaƙi ya taso. Akwai kuma wani shaho siriri, mai launin toka, da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonaki. Kakana ya ce baƙo ne, da zafin bazara ya kama zai ɓace, sai bayan kaka. Ina yake tafiya? Ya ce, "Allah ya sani, jikana."

Sai da na shiga jami'a na samu amsa. Turai yake komawa. Masana na kiransa shahon Montagu. A ƙasashe irin su Holan da Faransa da Folan yake ƙwai, ya tsallako Sahara ya ci rani a nan yankinmu yana cin fara, sannan daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu ya juya. Wato duk shekara manomin Safana yana da ɗan ƙwadago daga Turai, ba ya biyan ko sisi.

Su can, wannan kai-komo ƙirga shi suke yi, kuma abin yana da asali. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani dutse da maharba ke hawa suna harbin shaho don nishaɗi. A 1934 wata mata mai suna Rosalie Edge ta karɓi hayar wurin, ta hana harbi, ta ɗauki Maurice Broun ya yi gadi. Shi kuma ya fara rubuta duk tsuntsun da ya wuce. Aikin banza, ko? To wannan lissafin na Hawk Mountain yana cikin hujjojin da Rachel Carson ta kafa a littafinta na 1962, inda ta nuna cewa 'ya'yan mikiya na raguwa. A 1972 Amurka ta hana fesa maganin ƙwari na DDT a gonaki.

Mu fa? Ƙidayar da ta fi kusa da mu wani Bafaranshe ne ya yi ta, Jean-Marc Thiollay. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar a mota, a hankali, yana rubuta kowane shaho da ungulu da ya gani. A 2003 da 2004 ya dawo ya sake bin hanyoyin nan, sama da kilomita 8,000, a lokaci iri ɗaya na shekara. Abin da ya tarar ya tayar da hankali: a wajen gandun dajin da ake tsaro, manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, manyan gaggafa su ma sun kusa ƙarewa. Shekara talatin kacal. Kuma da bai rubuta na farko ba, wallahi da babu mai iya cewa an yi asara, sai dai a ce "da can akwai su da yawa", maganar da kowane tsoho ke faɗa a kan komai.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: sare manyan itatuwan da suke sheƙa, guba, da cinikin sassan jikinsu don tsibbu. A 2014 an harbe wata ungulu a kudancin Nijar, wadda aka ɗaura wa na'urar bibiya tun daga Girka, aka sa mata suna Paschalis. Kasuwar Najeriya aka yi nufin kai ta. Ita kuwa ungulun mahauta da muka taso muna jifa, tun 2015 take cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Tsakani da Allah, yaushe rabonku da ganin ta a mayanka?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, motar Thiollay ba ta biyo ta Batsari ba. Yanzu akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos, wadda tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, matasa 'yan sa-kai na turo abin da suka gani ta waya. Amma wa zai rataya madubin hangen nesa ya tsaya a bakin Dajin Rugu yau? 'Yan bindiga su ce ɗan leƙen asiri ne, mutanen gari su ce infoma ne. Manomi ma da ƙyar yake kaiwa gonarsa.

Saboda haka ni dai na fara da abin da zan iya. A Maris ɗin da ya wuce na zauna da tsofaffi uku 'yan yankinmu da ke gudun hijira a Katsina, na ɗauki muryarsu a waya: wane tsuntsu suka sani, a wace bishiya yake kwana, wace shekara suka daina ganin sa. Ɗaya ya lissafo mini sunaye bakwai, biyu daga ciki ban taɓa ji ba. Ƙanena kuma da ke can na ba shi littafi da biro, kowace safiya minti talatin a bayan gida, ba shiga daji. Ranar farko ya turo mini saƙo: shirwa huɗu, shaho mai toka ɗaya, ungulu babu.

Wanda ke da kaka a Safana ko Batsari ko Ɗanmusa, ya tambayo mana sunayen ya ajiye a ƙasan wannan rubutu, tare da sunan garin. Sai mun haɗu a shiri na gaba.