Daga Tashe Zuwa Kais: Abin Da Na Je Nema A Turai

'Yan uwa ɗalibai, a watan farko da na fara karatun digiri na biyu kan wasan kwaikwayo a Ingila, malamarmu ta shigo aji da buhun tsummokara da matasan kai, ta ce kowa ya cusa a jikinsa har sai mahaifiyarsa ta kasa gane shi. Wani ya yi doro, wani ya yi tumbi, ni kuwa na ɓoye hannu guda a cikin riga, na karkace wuya. Daga nan ta ce mu dunƙule wuri ɗaya, mu riƙa kwaikwayon manyan gari, wato alƙali da attajiri da ɗan siyasa, muna yi musu dariya. Sunan wannan salo bufon.

Wanda ya fito da shi a fagen koyarwa Bafaranshe ne, Jacques Lecoq. Ya yi shekara 8 a Italiya yana nazarin tsohon wasan barkwancin ƙasar na ƙarni na 16, wanda 'yan wasa ke rufe fuska a cikinsa, sannan ya buɗe makarantarsa a Paris a 1956, ya koyar har rasuwarsa a 1999. Koyarwarsa ita ce jiki yana riga baki magana, kuma wanda ya munana surarsa da gangan yana samun lasisin faɗin abin da mai kyakkyawar shiga ba zai iya faɗa ba. Na cika littafi da rubutu kamar ban taɓa ganin irin wannan ba.

Da hutu ya zo na tafi Umra, na sauka a wurin Gwaggo, 'yar uwar kakata, a Shari'a Mansur. Kakanninta na cikin mutanen da suka yiwo gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka yada zango a Sudan, daga baya suka ƙetaro Makka. Wata rana bayan Isha'i na nuna mata hotona cikin tsummokaran nan. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ɗan nan, wannan ne ya kai ka Turai? Ai Kais ne, mun gan shi muna yara."

Kais wasa ne na matan Makka a kwanakin aikin Hajji. Idan maza sun fita Mina da Arfa, wasu don ibada, wasu don yi wa alhazai hidima, gari yakan zama na mata. Da rana a ranar Arfa su cika Harami, da dare kuma su fito unguwa-unguwa da ganguna, sanye da tufafin maza. Wata ta zama mai unguwa, wata soja, wata Sharifi, wato irin sarakunan da suka mulki Makka har zuwa 1924. Gwaggo ta ce sukan zana gashin baki, su kumbura ƙirji, su yi tafiyar ƙasaita da ta wuce misali. Namijin da suka riska ya noƙe a gari kuwa ya shiga uku, domin za su kewaye shi da waƙar zambo har sai ya nemi wurin ɓuya. Ta dube ni ta ce, "Kai da ko aure ba ka yi ba, da ba mu bar ka ba."

Wannan magana ce ta mayar da ni Kano. Duk wanda ya tashi a birni ya san cewa idan azumi ya kai kwana 10 ana fara tashe, kuma ya san Nalako, Sarkin Gwagware, mai farautar waɗanda ba su da mata, a sa musu igiya da tarkace a zaga gari da su. Ya san yaron da ke manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya, ya dogara sanda yana rawar jiki a wasan Tsoho da Gemu. Ya san Jatau Mai Magani da kayan bokancinsa na ƙarya, da yarinyar da ke sa babbar riga da hula ta fito a matsayin Daudu. Ni kaina na yi tsoho ina ɗan shekara 9. Doron da na biya kuɗin makaranta na koya a Ingila, na riga na yi shi kyauta a ƙofar gidan maƙwabta. Haka kuma 'yan kama, masu shigar malamai su juya karatu ya koma zancen tuwo da miya.

Idan aka jera bufon da Kais da tashe, abu uku ne ya haɗa su. Na farko, ana sauya jiki har ya fita daga kamanninsa. Na biyu, a gungu ake yi, don kada a kama mutum ɗaya da laifi. Na uku, na ƙasa ne ke kwaikwayon na sama: yaro ya zama tsoho, mace ta zama sarki. Bambancin shi ne namu yana da lokaci da iyaka. Kwanaki ne ƙidayayyu, da sun wuce kowa ya koma matsayinsa, amma an riga an faɗa wa babba gaskiya cikin raha, shi ma ya yi dariya ya ba da sadaka.

Abin lura a tarihin Makka shi ne, a farkon shekarun 1960 marubuci Ahmad al-Siba'i ya shirya gidan wasan kwaikwayo mai suna Dar Kuraish, ya horar da 'yan wasa don nuna buɗe Makka, amma aka dakatar da shi kafin a buɗe. Masu tarihi sukan fara labarin wasan kwaikwayo a Saudiyya daga nan, su wuce zuwa hukumar wasan da aka kafa a 2020. Matan da suka yi nasu a titi ba dandamali ba tikiti, da wuya a ambace su. Kais ya mutu da gari ya faɗaɗa, tsofaffin unguwanni suka rushe. Tashe ma yana kan wannan hanya, domin a 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da shi a Kano saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi.

Da na koma makaranta na sauya batun kundina zuwa tashe da Kais. Baba, wanda tun farko yake kiran karatuna wasan banza, da na gaya masa sai ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin yadda shi ma ya yi Jatau a unguwarsu.

Roƙona gare ku, 'yan uwa, ko likitanci kuke karanta ko injiniya, idan kun je hutu ku zauna da tsofaffin gida, ku ɗauki muryarsu a waya kan wasannin da suka yi. Gwaggo ta haura shekara 75, kuma a gidansu ita kaɗai ta rage da ta ga Kais da idonta. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema.