Ƙugiyar Da Na'ura Ke Haɗiyewa

A makarantarmu da ke yankin Zinyau, ranar da aka buga jerin sunayen ɗalibai daga kwamfuta, sai muka ga Ɗanladi ya koma ?anladi, Baƙo kuma Ba?o. Da muka kai kuka, mai sayar da manhajar ya ce mu riƙa rubutu ba ƙugiya, ai duk ɗaya ne. To, Bahaushen ƙasar Rano ya san fada daban, faɗa daban.

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga wannan ƙugiya da gumi aka same ta. A wasu littattafan farko, ɗigo ake sa wa harafi a ƙasa. A cikin shekarun 1930 ne ɓ, ɗ da ƙ suka samu gindin zama a Zariya, zamanin Dokta R. M. East, kana Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta kai su birni da ƙauye. Wato a wancan lokaci maɗaba'a ce ta bi harshe.

Zuwan kwamfuta ya mai da hannun agogo baya. Ita na'ura lamba ta sani, kowane harafi da tasa. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 gare shi, ba ko ɗaya na haruffanmu. Shi ya sa marubutanmu na shekarun 1990 kan bi rubutunsu da biro suna lanƙwasa haruffa. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowannensu lamba, amma rumbun adana bayanai irin MySQL ya ci gaba da fifita tsarin haruffan Yammacin Turai har zuwa 2018. Harafin da ya shiga irin wannan rumbu ya fito alamar tambaya, ya tafi ke nan, sai an sake bugawa.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, gyara na wuyan masu sayar da manhaja, domin magani ya fi shekara 30 da samuwa. Namu shi ne kafin makaranta ko maɗaba'a ta biya kuɗi, a buga Ɗanladi a gani. In muka saba da yar da ƙugiya don na'ura ta ji daɗi, ɗalibanmu za su taso suna zaton haka ake rubuta Hausa.